Kwana 41 a Malheur, da fegin da aka kafa a burtalinmu

Wata Asabar a ƙarshen kaka, bayan sallar asuba, na fito ƙofar gida na tarar da shanu tsaye cirko-cirko a bakin layinmu. Unguwarmu tana gefen birnin Kano, cikin unguwannin nan na awon igiya da suka tsiro a kan gonaki, kuma ta bayanmu akwai tsohon burtali da ya gangara zuwa wani kududdufi da ba ya ƙafewa sai bazara ta yi nisa. Tun da na tare a gidan nake ganin shanu suna bi ta nan safe da yamma. A ranar kuwa an wayi gari da fegi jere a tsakiyar burtalin, kowanne an shafa masa jan fenti a ka, an kuma juye tifa guda ta yashi daidai inda hanyar ta fi ƙunci. Dattijon da ke da garken, wanda duk unguwa ke kira Baffa, yana tsaye ya dogara da sandarsa. Na gaishe shi ya amsa, sannan ya ce, "Malam, ku da kuka yi boko, wannan hanyar ta wa ce yanzu?"

Na ce, "Baffa, ai ta kowa ce."

Ya dube ni, ya ce, "To kowan yana ina?"

Ni malamin labarin ƙasa ne a makarantar sakandare, don haka da dattawa suka zauna a ƙofar gidan mai unguwa, ni aka ɗora wa rubuta takardar koke. Da na zauna rubutawa sai na ga ba ni da abin kafa hujja ko ɗaya. Babu taswira, babu awo, babu wata takarda da ta kira wurin burtali, iyaka dai kowa ya sani. Wanda ya kafa fegin kuwa an ce da takardarsa a hannu. A neman yadda wasu masu busasshiyar ƙasa suke riƙe filin jama'a ne na faɗa kan labarin gundumar Harney ta jihar Oregon a Amurka, na shafe makonni ina bin sa. Shi zan baje a nan, domin tambayar Baffa ce aka yi a can, da bindiga a hannu, kuma an samu waɗanda suka amsa.

Ƙasar da ake magana a kai

Harney tana kudu maso gabashin Oregon. Faɗinta ya haura murabba'in kilomita 26,000, wato ta fi jihar Kano girma, amma mutanen cikinta ba su kai 8,000 ba. Hamada ce, sai dai kada mai karatu ya kawo rairayin Agadas a ransa. Tudu ce mai tsayi kamar na Jos, mai sanyi da dusar ƙanƙara, kuma ruwan da garin Burns, hedikwatar gundumar, ke samu a shekara bai cika kai milimita 300 ba, kusan sulusin abin da Kano ke samu a damina mai albarka. Abin da ya lulluɓe ƙasar wani guntun itace ne mai launin toka da ƙamshi mai hawa kai, ɗan'uwan tazargaden da ake sayarwa a kasuwar Kurmi. A cikinsa wata irin barewa mai tsananin gudu ke kiwo, da wani tsuntsu mai kama da zabo wanda ba shi da abinci a hunturu sai ganyen wannan itace. Zan kira shi zabon tazargade. A tsakiyar gundumar dutsen Steens ya miƙe, tsawonsa wajen kilomita 80, ƙololuwarsa kusan mita 3,000, kuma ƙanƙarar da ke narkewa daga kansa ita ce ke shayar da fadamu da tafkin Malheur da ke ƙasa.

Kusan kashi uku cikin huɗu na ƙasar Harney mallakar gwamnatin tarayya ne. Mafi yawa yana hannun hukumar kula da filaye da suke kira BLM, wadda aka kafa a 1946, kuma take riƙe da eka kusan miliyan 245 a faɗin Amurka, abin da ya ɗara Najeriya baki ɗaya. Dokar da aka yi mata a 1976 ta ce ƙasar za ta ci gaba da zama a hannun jama'a, a kuma ci moriyarta ta fuskoki da dama: kiwo, haƙar ma'adinai, farauta, yawon buɗe ido, da barin namun daji su rayu. Makiyayin can yana da gonarsa ta kansa a fadama, inda yake yankan ciyawa ya tara don hunturu, idan yanayi ya yi ɗumi kuma ya kora shanunsa filin gwamnati. Yana biyan kuɗi a kan kowace saniya da ɗan maraƙinta a wata, kuma tun 1986 kuɗin ba ya sauka ƙasa da dala 1.35. Kamar jangali ne, sai dai da takardar da ta faɗi wurin da za ka yi kiwo, da yawan shanun, da watan shiga da watan fita.

Kafin a ci gaba, akwai abin da bai kamata a tsallake ba. Wannan filin jama'a da ƙwace ya fara. Masu ƙasar na asali su ne ƙabilar Paiute. A 1872 gwamnati ta keɓe musu yanki mai faɗin eka kusan miliyan 1.8, amma bayan yaƙin 1878 aka tattara su wajen mutum 500 aka kora su cikin tsakiyar hunturun 1879, tafiyar ɗaruruwan kilomita cikin ƙanƙara, zuwa yankin Yakama da ke jihar Washinton ta yau, aka buɗe ƙasarsu ga baƙi. Waɗanda suka dawo daga baya a gefen garin Burns suka raɓa. Bayansu manyan masu shanu suka mamaye fadamu, makiyayan tumaki suka cika dutsen, kowa yana rige-rigen cinye ciyawa kafin wani ya riga shi, har ƙasa ta fara zaizayewa. Wannan ɓarna da ta game yammacin Amurka ce ta haifi dokar kiwo ta 1934, wadda ta kawo tsarin takardar izini. Tafkin kuwa tun 1908 shugaba Theodore Roosevelt ya mai da shi hurumin tsuntsaye, bayan mafarauta sun kusa ƙarar da wasu fararen tsuntsaye dangin balbela, don gashinsu da ake ƙawata hulunan mata da shi. Hurumin Malheur a yau eka 187,000 ne, kuma an ƙirga tsuntsaye sama da iri 320 da ke sauka a cikinsa.

Waɗanda suka tsaya a madadin kowa

A 1987 wasu 'yan tsirarun mutane a garin Bend suka kafa ƙungiyar kare hamadar Oregon, wadda aka fi sani da ONDA. A lokacin yawancin masu fafutukar muhalli hankalinsu yana kan manyan dazuzzukan yammacin jihar, hamada kuwa ana yi mata kallon kangon da ba ya da amfani sai ga shanu. Abin da ya fi burge ni a aikin wannan ƙungiya shi ne rashin ƙyalinsa. Mutanenta sun riƙa shiga daji da ƙafa, da taswira da na'urar ɗaukar hoto, suna bin kowace hanya da hukuma ta ce titin mota ce su ga ko da gaske ne, suna rubuta inda maɓuɓɓugar ruwa take, inda shinge yake, inda ƙasa take nan yadda Allah ya halicce ta. Suka tara wannan suka kai wa hukuma. Da hukuma ta tsara yadda za ta tafiyar da miliyoyin eka ba tare da ta duba wannan ɓangare ba, suka kai ta kotu, kuma a 2008 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce dole hukumar ta koma ta duba. Hujjar da aka tara da tafin ƙafa ita ta tsaya a gaban alƙali.

Akwai kuma aikin hannu. Barewar can ba ta son tsallake shinge, ta ƙarƙashi take kutsawa, don haka waya mai ƙaya tana yage mata baya ko ta tare ta gaba ɗaya. Zabon tazargade kuma yakan taso da duku-duku ya bugi wayar ya faɗi. A hurumin barewa na dutsen Hart, maƙwabcin Harney, inda aka fitar da shanu a farkon shekarun 1990, 'yan sa-kai sun shafe shekaru suna zuwa da safar hannu da almakashin waya, suna kwance tsohon shinge, suna naɗe wayar suna tumɓuke turaku ɗaya bayan ɗaya a cikin rana. Ba a biyansu ko sisi. Bayan fitar shanun, itatuwan bakin rafi da suka daɗe ba sa tofo suka dawo, tsuntsaye suka biyo su.

Sai dai fa kada a ɗauka makiyaya sun yi maraba da su. A shekarunta na farko ƙungiyar ta fito fili tana neman a rage shanu ko a fitar da su daga hamadar gwamnati, makiyayi kuwa yana kallonta a matsayin 'yan birni da suka zo raba shi da abincinsa. Kuma yana da dalilin jin zafi. A shekarun 1970 Harney tana cikin gundumomi masu rufin asiri a Oregon saboda babban kamfanin katako da ke kusa da Burns. Da aka rufe shi a 1980 aiki ya tafi, matasa suka bi shi, aka bar kiwo da aikin gwamnati. Mutumin da ya ga haka da idonsa, idan ka ce masa tsuntsu ya fi saniyarsa, ba zai saurare ka ba.

Cinikin dutsen Steens

A 1999 ministan cikin gida na Amurka, Bruce Babbitt, ya nuna cewa shugaba Bill Clinton na iya ayyana dutsen Steens a matsayin wurin tarihi na ƙasa, ikon da wata dokar 1906 ta ba shugaba ya yi da sa hannunsa kaɗai. Makiyaya suka ga idan haka ta faru daga birnin Washinton, fadar gwamnatin tarayya, za a yanke musu hukunci. Masu kare muhalli kuma suka ga cewa ayyanawar ba lalle ta fitar da shanu daga saman dutsen ba, kuma ba za ta taɓa gonakin masu zaman kansu da ke warwatse a cikinsa ba. Kowane ɓangare yana da abin tsoro, shi ya sa suka zauna. Ɗan majalisa Greg Walden na jam'iyyar Republican da sanata Ron Wyden na Democrat, da gwamna John Kitzhaber, suna cikin waɗanda suka riƙe zaman.

A watan Oktoba na 2000 aka sa hannu a dokar. An keɓe sama da eka 400,000 a ƙarƙashin kulawar haɗin gwiwa. A ciki wajen eka 170,000 sun zama dajin da aka haramta wa mota da gini, kuma kusan eka 100,000 daga ciki an haramta musu shanu kwata-kwata, abin da ba a saba gani ba a irin waɗannan dokoki. An hana haƙar ma'adinai a yanki mai faɗi. An kafa majalisar ba da shawara mai kujeru 12, da makiyaya, da masu kare muhalli, da wakilin Paiute. Abin da makiyaya suka samu shi ne musaya: suka ba da gonakinsu na saman dutse, wajen eka 18,000, aka ba su ƙasar gwamnati ta gangare wajen eka 100,000, da kuɗi kimanin dala miliyan 5.

Na daɗe ina juya wannan ciniki. Eka biyar da ɗoriya na jama'a aka bayar a kan kowace eka guda, kuma wanda ya ce an yi wa jama'a tsada ba zan ce ya yi ƙarya ba. Amma saman dutsen nan ne uwar ruwa, duk rafin da ke shayar da ƙasa daga can yake saukowa, kuma an yi cinikin a fili, an rubuta shi cikin doka, kowa ya ga abin da ya fita da abin da ya shigo. Mu da muka saba wayar gari mu ga an raba fili cikin dare mun san darajar wannan. Dokar ba ta kashe rigima ba. An ci gaba da shari'a a kan hanyoyin mota a dutsen, kuma da aka so kafa manyan injinan samar da lantarki daga iska a gefensa, ONDA da wata ƙungiyar masu kula da tsuntsaye suka kai ƙara, kotu ta ba su gaskiya a 2016 saboda hukuma ba ta binciki ko zabon tazargade yana hunturu a wurin ba.

A 2005 kuma wasu makiyaya da ma'aikatan hurumin tsuntsaye suka kafa wani zaure da suka kira High Desert Partnership, wato haɗin gwiwar mutanen hamada. Aikinsa kawai ya shimfiɗa tabarma ya tara waɗanda ba sa ga-maciji da juna. Abin da ya taimaka shi ne sun samu abokin gaba guda. Wani baƙon kifi mai suna kaf da aka shigo da shi ya cika tafkin, yana tumɓuke ciyawar ruwa yana dama laka, har tafkin ya koma ruwan kunu, agwagin da yake ƙyanƙyashewa suka ragu matuƙa. Duk wanda ya san yadda kacalla ta toshe fadamun Haɗeja da Nguru bayan gina madatsun Tiga da Challawa zai gane irin wannan masifa. A wannan zama ne masu kallon tsuntsaye suka yarda cewa dubban tsuntsayen da suke zuwa gani a gonakin makiyaya suke sauka, inda ake malala ruwa don ciyawa. Makiyaya kuma suka ga ma'aikacin gwamnati yana iya sauraro. Bayan shekaru ana kai-kawo, a 2013 aka fitar da tsarin tafiyar da hurumin na shekara 15, da hannun makiyaya, da Paiute, da ƙungiyoyin muhalli. A 2014 makiyayan gundumar suka shiga yarjejeniyar kare zabon tazargade a gonakinsu, suna sare itacen junifa da ke mamaye makiyaya, suna sa wa shinge alama don tsuntsu ya gani. A Satumbar 2015 gwamnatin tarayya ta ce ba sai an sa tsuntsun cikin jerin masu fuskantar ƙarewa ba, hukuncin da makiyaya suka daɗe suna fata.

Baƙi da bindigogi

A cikin wannan hali ne maganar iyalan Hammond ta taso. Dwight Hammond da ɗansa Steven makiyaya ne a gindin Steens, sun daɗe suna takun-saƙa da hukuma. A 2012 kotu ta same su da laifin cinna wutar da ta ci filin gwamnati a 2001, ɗan kuma har da wata wutar ta 2006. Su sun ce ƙona ciyawa suka yi don gyaran makiyaya da tare gobara, masu gabatar da ƙara suka ce wutar farko an cinna ta ne don ɓoye haramtacciyar farauta. Alƙali ya ba uban wata uku, ɗan shekara guda da kwana ɗaya, ya ce shekara biyar da doka ta gindaya ta yi yawa. Gwamnati ta ɗaukaka ƙara ta yi nasara, a Oktobar 2015 aka ce su koma su cika shekara biyar. Mutanen Harney da yawa, har da waɗanda ba sa shiri da iyalan, sun ga an wuce gona da iri. Ni ma haka na gani.

Wannan ɓacin rai ne Ammon Bundy ya zo ya hau. Shi ba ɗan gundumar ba ne. Ɗan Cliven Bundy ne, makiyayin jihar Nevada da ya shafe shekara 20 yana ƙin biyan kuɗin kiwo, wanda magoya bayansa suka fuskanci jami'an gwamnati da bindigogi a 2014. Ranar 2 ga Janairu 2016, bayan wata zanga-zangar lumana a Burns, Ammon da ɗan'uwansa Ryan da wasu mutane ɗauke da makamai suka wuce hedikwatar hurumin Malheur, wajen kilomita 50 kudu da gari, suka mamaye ta. Da'awarsu ita ce gwamnatin tarayya ba ta da ikon mallakar ƙasar, a miƙa ta ga mutanen wurin. Aka rufe makarantu na mako guda. Ma'aikatan hurumin suka kwashe iyalansu saboda barazana.

Abin da ya biyo baya shi ne zuciyar wannan nazari. Iyalan Hammond ta bakin lauyansu suka ce Bundy ba da yawunsu yake magana ba, ranar 4 ga wata suka miƙa kansu gidan yari. Shugaban 'yan sandan gundumar, David Ward, ya tara mutanen gari ya tambaye su wa ke son baƙin su koma gida, hannuwa suka tashi kusan duka zauren. Shugabannin Paiute suka kira 'yan jarida suka ce idan maganar mayar da ƙasa ga masu ita ake yi, to su ne masu ita, kuma ba su aiko kowa ba, suna ma cikin damuwa da kayan tarihin kakanninsu da ke ajiye a ginin. Da Bundy ya shirya bikin da makiyaya za su zo su yi watsi da takardun izininsu a bainar jama'a, ko makiyayi ɗaya na Harney bai sa hannu ba. Ranar 26 ga Janairu aka tare jagororin a kan hanya aka kama su, 'yan sandan jiha suka harbe ɗayansu, LaVoy Finicum, makiyayi daga Arizona. Mutum huɗu na ƙarshe suka miƙa wuya ranar 11 ga Fabrairu, kwana 41 ke nan. A Oktoba masu taya alƙali yanke hukunci suka wanke 'yan Bundy biyu da wasu biyar, abin da ya girgiza mutane da yawa, ko da yake an samu wasu da laifi a shari'a ta biyu, wasu kuma sun amsa laifinsu. A 2018 shugaba Donald Trump ya yi wa Hammond da ɗansa afuwa.

Me ya hana makiyayan Harney bin Bundy, alhali yana faɗin abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya? Ba son gwamnati ne ya kama su ba. A fahimtata, suna da abin da za su yi asara. Mutumin da ya shafe shekara goma yana zama da manajan hurumi, ya san sunan 'ya'yansa, ya ga maganarsa ta shiga cikin tsarin 2013, ba zai yarda baƙon da ya zo jiya ya yaga masa wannan ba. Sun kuma san lissafi: kuɗin kiwo a filin gwamnati ya yi ƙasa ƙwarai da na hayar makiyayar 'yan kasuwa, kuma ƙasar da aka fitar daga hannun jama'a mai kuɗi ne ke saye ta ya kewaye, ƙaramin makiyayi yana kallo. Ita ma tabarmar ba don Allah kaɗai aka zauna a kanta ba. Da babu ƙungiyar da ke iya kai hukuma kotu ta yi nasara, da babu barazanar Babbitt, da wuya manyan masu shanu su zauna. Da kuma shari'ar ce kaɗai babu zama, da Bundy ya tarar da gari a shirye yake ya bi shi.

Ban ce an gama ba. Kifin yana nan a tafkin. Wata baƙuwar ciyawa mai saurin bushewa tana bin bayan kowace gobara tana maye gurbin tazargade, kuma a 2012 wuta guda ta cinye sama da eka 500,000 a gundumar da ke maƙwabtaka da su. Yunƙurin sayar da filayen ma bai mutu ba, ya koma majalisa. A 2017 wani ɗan majalisa ya kawo ƙudurin sayar da eka miliyan 3.3, ya janye shi bayan mafarauta da masunta sun yi masa ca, a 2025 kuma wani sanata ya sake gwadawa ya janye. Paiute kuwa kujera suka samu a zaure, ƙasarsu ba ta dawo ba.

Komawa gida

Mu ba baƙin wannan tunani ba ne. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Musulmi abokan tarayya ne a cikin abu uku: ruwa, da ciyawa, da wuta. Sayyidina Umar da ya keɓe hurumi ya umarci mai gadinsa ya shigar da mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki, ya yi hattara da garkunan Ibn Auf da Ibn Affan, domin su idan dabbobinsu suka halaka suna da gonaki da dabino, talaka kuwa da 'ya'yansa zai zo ƙofar halifa yana kuka. Kalmomin ma muna da su: hurumi, burtali, labi, makiyaya, mashaya. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya a 1965, kuma alƙaluman da hukumomi kan ambata su ne makiyayu 415 a ƙasar nan, waɗanda kusan sulusinsu kaɗai aka tabbatar a gazet. Dokar ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana don amfanin jama'a. A bakin mutane kuwa abin ya koma "ƙasa ta gwamna ce", kalmar amana ta faɗi a hanya.

Duk wanda ya girma a birnin nan zai iya lissafa kududdufan da aka cike aka yi gini a kansu, sannan damina ta zo ruwa ya rasa inda zai kwanta sai cikin ɗakunan mutane. Zai iya nuna inda badala take a da. Ba wanda ya zo da bindiga ya mamaye su. Fegi ne da jan fenti, sai tifar yashi, sai bulo layi uku, sai a ce ai an riga an yi gini. Dajin Falgore ma, da ke da doka da ma'aikata, yana fama da masu saran itace da gawayi, balle ɗan burtalin bayan unguwa. Akwai bambanci babba tsakaninmu da Harney: su mutum 8,000 ne a ƙasar da ta fi Kano, mu miliyoyi ne, kuma mai neman fuloti a gefen gari sau da yawa talaka ne da ya gaji da haya. Shi ma yana da haƙƙi, kuma dillalin da ya sayar masa da burtali ya cuce shi kamar yadda ya cuci Baffa.

Na koma wurin mai unguwa na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni mako biyu kafin a kai koken, ina so mu fara taka wurin." Ya amince. Muka fita da ɗan Baffa da ɗalibaina biyu, da wayar hannu mai nuna taswira da igiyar awo. Muka bi burtalin daga bakin titi har kududdufi, muna tsayawa duk inda ya karkata mu ɗauki hoto mu rubuta faɗinsa. Akwai inda ya kai taku 40, akwai inda gonaki suka matse shi ya koma taku 12. Yaron ya nuna mana layin tsofaffin cediya da aduwa da ya ce kakansa da su yake gane iyaka, abin da ni mai koyar da taswira na shekara ina wucewa ban lura ba. Muka zauna da tsofaffi bakwai, manoma da makiyaya, kowa ya faɗi tun yaushe ya san hanyar, muka rubuta, mai sa hannu ya sa, mai dangwale ya dangwala.

Zaman da ya fi wuya shi ne da wani manomi da shanu suka cinye wa wake bara, ba a biya shi ba. Ya ce shi da za a toshe burtalin gobe da ya yi sadaka. Baffa ya yi shiru, can ya ce, "Alhaji, shanun ba nawa ba ne, amma na san masu su, kuma da na yi magana a lokacin da an biya ka. Ban yi ba." Aka tsayar da cewa daga bana duk ɓarnar da aka yi a gefen burtali, Baffa da mai unguwa za su je su gani a ranar, a kimanta a biya. Manomin bai sa hannu a ranar ba, sai bayan kwana huɗu ya aiko ɗansa ya ce a kawo takardar.

Mun kai kwafi ga dagaci, da hakimi, da ƙaramar hukuma, da ofishin da ya kamata, inda aka karɓa aka buga hatimi aka ce mu dawo. Mun gayyaci wanda ya sayi fulotin zama na gaba, ya ce zai zo da takardunsa da dillalin da ya sayar masa. Yashin yana nan inda aka juye shi, yara sun fara wasa a kai, ba a dai kawo bulo ba. Shanun Baffa a yanzu ta bakin kwalta suke zagayawa zuwa kududdufi, da sassafe kafin motoci su yi yawa, ɗansa a gaba yana ɗaga wa masu Adaidaita Sahu hannu.